Sandar Sitiyarin Sammani da Waldar Surukinsa

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san Sammani Direba. In ma bai san fuskarsa ba, ya san kukan motarsa, don tun tana bayan gari take sanar da zuwanta. Tsohuwar akori-kura ce, an ce da can shuɗiya ce, amma yanzu ba mai iya rantsuwa a kan launinta. Da ita yake kwasar kwandunan tumatir daga gonakin bakin kanal zuwa kasuwar Kwanar Gafan, in kaka ta yi kuma ya koma jigilar buhunan shinkafa zuwa injinan Kura. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai kunya har ta yi masa yawa. Ni dai ban taɓa ganin namijin da kunya ta wahalar kamarsa ba.

Gonar mahaifinsu ba ta da girma, su kuma 'ya'ya maza Allah ya yi su da yawa. Da aka zo rabon gado, abin da ya samu bai wuce wurin shuka albasar miya ba, sai ya bar wa ƙannensa ya bi mota. Ya yi shekaru yana karen mota. Shi ne lodi, shi ne saukewa, shi ne turi, shi ne sa weji a ƙarƙashin taya in an tsaya a gangare. A kan hanyoyin nan na gefen kanal ya koyi tuƙi, inda in ka kauce dama ruwa ne, in ka kauce hagu gonar mutane ce. Da ubangidansa ya tsufa, ido ya fara ba shi matsala, sai ya sallame shi da motar, ya ce ya je ya ci abinci.

Tun kafin a sallame shi ya yi aure, kuma nan ne abin yake. Baraka, 'yar Malam Isiyaku maƙerin garinmu, ita ta ce tana sonsa a lokacin da yake maƙale a bayan mota da yagaggiyar singileti. Dangi suka yi caa, wai ina 'yar mutunci ina karen mota. Malam Isiyaku ya bari suka gama, sannan ya ce shi ya daɗe yana kallon yaron daga maƙera, bai taɓa ganin ya jefar da kwandon wani ba, ko da mai kayan ba ya wurin. Ya ce wanda ya riƙe tumatir ɗin mutane haka zai riƙe masa 'ya. Aka ɗaura aure.

Daga ranar Sammani bai ƙara ɗaga ido ya dubi fuskar tsohon ba. Kunyar suruki kowa na yi a ƙasar nan, amma tasa ta daban ce. Bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya hango shi a hanya, ko da lodi ne a mota kuma dillalai na jira, sai ya tsaya, ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna a cikin ƙura. Abokansa har tsokanarsa suke yi, su ce ga Baba Maƙeri nan, ya yi zumbur ya miƙe, su kwashe da dariya. Maganar da ke tsakaninsu a duk shekarun nan ba ta wuce gaisuwa da "To, Baba" ba.

Shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sake cinye tumatir, kowa ya ji a jikinsa. Gona ta ƙone kamar an sa mata wuta, ba kwandon ɗauka, ba kuɗin mota. Kuma a daidai lokacin ne sitiyarin motar Sammani ya ga damar lalacewa. Da ma ya daɗe yana wasa, sai ka juya shi sosai kafin ƙafa ta amsa. Yanzu kuwa in ya hau kwalta sai motar ta riƙa yawo kamar akuyar da ta hango ganye. Wata rana yana tafe a gefen kanal da buhunan albasa, ya karya dama ta ƙi, sai da tayar gaba ta leƙa ruwa sannan ta tsaya. Ya sauko, ya ce yau kam an zo wurin.

Ya lallaɓa ta zuwa Kura, wurin Hammadu bakanike, abokinsa tun suna yara, mai gareji a gindin wata darbejiya. Ya gaya masa gaskiya, ya ce aljihu ba komai, a yi dabara. Hammadu kuwa gwanin dabara ne. Suka ɗaga gaban motar, suka kwance komai suka baje a kan buhu. Akwatin sitiyarin suka wanke da kananzir, baƙin giris na tun zamanin ubangidansa ya fita, suka ɗaure notin da ke rage wasa, suka cika shi da sabon giris. Robobin da suka cinye, Hammadu ya yanko madadinsu daga tsohuwar taya. Inda ƙarfe ya sule yana lilo, ya yanki gwangwanin madara ya cusa. Marufin gaɓoɓin da suka yage ya yi musu riga da tsohon tif na cikin taya, ya ɗaure da waya. Sammani na ta murna, yana cewa ashe abin da sauƙi.

Sai suka zo kan sandar ƙarfen nan da ke kai saƙon sitiyari ga ƙafar mota, wadda makanikai ke kira tayarod. Hammadu ya goge ta, ya ɗaga ta a rana, ya yi tsaki. Ta tsage kusa da zaren da noti ke hawa, tsagar ta ci fiye da rabi.

"A yi mata walda mana," in ji Sammani.

"Ina! Duk abin da ka ga na yi maka dabara a kai, in ya gaji zai yi ƙara ya gaya maka. Wannan ba ta sallama. Wuta in ta taɓa ta, ƙarfen ya mutu, sai dai ya yi kyau a ido. Ranar da ta karye, kai da sitiyarin duk kun zama 'yan kallo. Je ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka nemo ta hannu."

Sammani ya naɗe sandar a buhu ya tafi da ita gida, da niyyar ya kai ta kasuwa a gwada masa irinta in Allah ya hore. Ya kwana biyu yana juya ta a tsakar gida yana zugum. Baraka, da ta ga mijinta ya rasa yadda zai yi, ta je gaida mahaifinta ta ba shi labari. Ba da wata manufa ta yi ba, Allah ya sani.

To, Malam Isiyaku a lokacin yana cikin wani farin ciki da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ƙira ta ja baya, manoma sun koma sayen fartanya da lauje na kasuwa, maƙerarsa ta yi shekaru tana sanyi. Sai ɗansa da ke aiki a Kumbotso ya sayo masa ƙaramin injin walda da janareta. Tsoho ya koya da tsufansa, hannunsa kuma ya faɗa. Ya koma gyaran baro, da ƙofofi, da ƙafafun injin ban-ruwa, mutane suka dawo zama a rumfarsa. Har tafiyarsa ta canja.

Washegarin zuwan Baraka da safe sai ga shi a kan kekensa, ya yi sallama a ƙofar gidan Sammani, abin da ba ya yi sai da dalili babba. Sammani ya fito ya zube. Tsohon ya ce a miƙo masa ƙarfen ya gani. Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya yi murmushi.

"Wannan ne ya hana ka barci? Ai da ka aiko tun tuni. Ƙarfe dai ai ƙarfe ne."

Maganar Hammadu na nan a bakin Sammani, wallahi har ta zo kan harshe. Amma ta yaya zai dubi mutumin da ya ba shi 'ya yana karen mota ya ce masa aikinku ba zai yi ba? Ya dubi ƙasa ya ce, "To, Baba." Tsohon ya ɗaure sandar a bayan keke ya tafi.

Da ya dawo da ita, kai ka ce daga kanti take. Ya cike tsagar, ya bi da zarto ya gyara, ya bar ɗan tudu kamar zobe a wurin haɗin, ya shafe ta da baƙin fenti. Ya ce, "Sa ta, ka ba ni labari." Ko sisi bai karɓa ba.

Da Sammani ya kai ta gareji, Hammadu ya ce ba dai da hannunsa za a ɗaura ta ba. Sammani ma ya san gaskiya ce. Ya ciro tayar safayarsa, wadda ita kaɗai ce abin kirki da ya rage a motar, ya kai Ƙofar Ruwa ya yi musaya da tayarod ta hannu mai lafiya. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma da Hammadu ya gama ɗaurawa, sai Sammani ya tsaya yana sosa ƙeya.

"In Baba ya leƙa fa?"

"Sai ka gaya masa."

"Haba, Hammadu."

Abin da ya sa aka yi, ko yanzu in ya tuna sai ya runtse ido. Ya sa aka samo filar nan da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita, aka kwaɓa, aka yi wa lafiyayyar sandar zobe daidai inda na tsohon yake, aka shafe da baƙin fenti. Hammadu na yi yana dariya har da hawaye, yana cewa shi tunda yake bai taɓa yi wa mota waldar ƙarya ba. Wadda tsohon ya yi wa walda kuwa Sammani ya mayar da ita buhu, ya cusa a bayan rumbu.

Tsohon ya leƙa ɗin kuwa. Ya tare motar a hanya, ya dafa gwiwa ya sunkuya da ƙyar, ya ga baƙin zobe, ya miƙe yana gyaɗa kai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a inda dattawa ke tsayawa gaisawa, ya kira Sammani a gaban jama'a.

"Direba, yaya aikin namu?"

"Sai godiya, Baba. Kamar sabuwa."

"Kun ji ko? Makanikan Kura sun ce ba ta gyaruwa."

Aka yi ta sa albarka. Sammani ya koma gida ya kasa cin tuwo. Motar kuwa ta miƙe sumul, sitiyari na amsawa da ɗan yatsa, amma shi duk lokacin da ya kama shi sai ya ji kamar kayan sata ya riƙe. Tsohon bai bar maganar ba. Duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya ji ta, in motar ta wuce da lodi har nuna ta yake yi da masaba. Sammani ya riƙa canja hanya don kada ya bi ta gaban maƙera. Ya ce a ransa abin zai wuce, mutane za su manta.

Ba su manta ba. Akwai wani saurayi, Zaharaddini, mai tsohuwar bas da ke kwasar mata masu dashen shinkafa da tsinkar tumatir, ya kai su gonakin wajen Kadawa da safe ya dawo da su da yamma. Yakan cika ta maƙil, wasu da goyo, kuma duk tafiyar a gefen babban kanal ake yin ta. Wata safiya Sammani ya tarar da bas ɗin a tasha, a ɗage a kan duwatsu, ba ƙafar gaba ɗaya. Ya tambaya. Zaharaddini ya ce tayarod ce ta tsage, amma ya kai wa Baba Maƙeri tun jiya, an ma gama, fenti ne bai bushe ba. In an yi azahar zai karɓo.

Sammani ya tuna maganar Hammadu, ya dubi saurayin. Ya ja shi gefe ya ce, "Da ka haƙura ka nemi ta hannu. Walda ba ta da tabbas a wurin nan."

"Yaya Sammani, kai taka ta yi, tawa ce ba za ta yi ba?" Kafin ya ba da amsa, saurayin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin akori-kurar. "Ga ta nan ƙalau, ko gezau. Kai da ke ɗaukar buhuna ma. Ko dai ba ka son a riƙa damun surukin naka ne?"

Sammani ya yi lissafi a ransa. In ya faɗa wa wannan yaro mai bakin tsiya, kafin la'asar duk tashar ta ji, tsoho ya zama abin dariya a bakin 'yan kamasho. Ya juya motar ya koma gida, ya sami Baraka tana tankaɗe. A al'ada ai ita ce hanya, abin da suruki ba zai iya faɗa ba, 'ya ce ke kaiwa. Ya jawo buhun daga bayan rumbu, ya buɗe a gabanta, ya gaya mata komai, kansa a ƙasa.

Ta dubi sandar, ta dube shi. Sannan ta ajiye rariyar.

"Malam, wato duk yabon nan da yake yi, kuna ji, kun san ba haka ba ne?"

"Kunya na ji."

"Kunya ce ta kwaɓa fila ta yi fenti? Mahaifina kuka mayar abin wasa, ku da Hammadu." Ta miƙe tsaye. "Ni na kai masa maganar farko, na yi kuskure. Wannan kam ba zan kai ba. Ku kuka ƙulla, ku je ku kwance. Kuma ku sani, ƙanwata na cikin masu shiga bas ɗin nan."

Ya saɓi buhun ya fita a ƙasa, bai ɗauki mota ba. Tsakanin gidansa da maƙera ba nisa, amma sai da ya tsaya a hanya ya fi a ƙirga. Allah ya taimake shi ya tarar ba kowa a rumfar sai tsohon, yana zaune yana wasa lauje. Sandar Zaharaddini na jingine a rana, baƙa wuluk, da zobenta.

Sammani ya tuɓe takalmi, ya tsugunna, ya gaishe shi. Duk kalmomin da ya shirya a hanya suka gudu. Sai kawai ya kwance buhun, ya tura shi gaban tsohon da hannu biyu.

Maƙeri ba ya ɓatan aikin hannunsa. Malam Isiyaku ya ɗauki sandar, ya dubi zoben, ya dubi fentin da ko ƙura bai sha ba, ya shafa zaren da noti bai taɓa hawa ba. Ya dubi Sammani, wanda gumi ke ɗiga daga haɓarsa.

"Wadda na gani a ƙarƙashin motar fa?"

"Ta hannu ce, Baba. Fila aka sa mata." Da ƙyar aka ji muryarsa. "Bakanike ya ce in wuta ta taɓa wurin, ƙarfen ya mutu."

Tsohon bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da Sammani ya ji sauƙi. Ya tashi, ya ɗora sandar a kan uwar maƙera, ya bar wurin haɗin a bakinta, ya ɗaga masaba ya sauke. Ba wani dukan kirki ya yi mata ba. Ta ɓalle gida biyu daidai gefen zoben, guntun ya yi tsalle ya faɗa cikin toka. Ya tsaya yana kallon bakin karayar. Sannan ya ɗauko ta Zaharaddini, fenti na manne masa a hannu, ita ma ya yi mata haka, ita ma ta ɓalle.

Ya koma ya zauna a hankali, kamar wanda ya yi doguwar tafiya.

"Da ka faɗa mini ran nan a ƙofar gidanka, ni da kai ne kawai," in ji shi. "Yanzu ba wanda ban gaya wa ba."

Sammani ya so ya ce a gafarce shi, amma ba a ba shi dama ba. Tsohon ya ce ya tashi ya je ya kai yaron nan Ƙofar Ruwa ya nuna masa inda ake samu. Ya tashi ya tafi. Ranar matan ba su je gona ba, sai bayan kwana biyu, a kan sanda mai lafiya.

Juma'ar da ta biyo baya, a daidai wurin da ya yi yabon, Malam Isiyaku ya ɗaga murya ya ce jama'a su saurara. Ya ce kada wanda ya ƙara kawo masa ƙarfen sitiyari, kuma kada a kai wa wani mai walda. Ya ce ya gwada aikinsa a kan uwar maƙera, bai riƙe ba. Wani ya tambaya, to ta motar Sammani fa? Ya ce, "Ta Sammani ba tawa ba ce a ciki yanzu, ta hannu ce." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara ko kalma ba.

Aka fara 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Wani dillali mai bakin banza ya ce, "Baba Maƙeri, da ma kun tsaya a kan lauje." Sammani na tsugunne a gefe, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yunƙura zai miƙe ya faɗi yadda aka yi. Tsohon, da ya zo wucewa yana tura kekensa, ya ɗan rage tafiya, ya ce a hankali ba tare da ya dube shi ba, "Zauna. 'Yata na gidanka."

Ya zauna.

Malam Isiyaku ya ci gaba da gyaran baro da ƙofofi, amma zaman rumfar ya ragu, kuma bai ƙara nuna aikinsa ga kowa ba. Sammani har yau yana jigila, sitiyarin bai sake ba shi matsala ba. Mutanen gari kuwa sun haɗa labarin yadda suka fahimta. In ana zancen tarbiyya sai a kawo shi misali, a ce ku dubi Sammani Direba, ya san waldar ba ta da tabbas, amma ya yi ta yawo a kanta a bakin kanal don kada ya ɓata wa surukinsa rai. Iyaye har gaya wa 'ya'yansu suke yi. Wani lokaci a gabansa ake faɗa, a tasha ko a wurin ɗaurin aure, a dafa kafaɗarsa a ce Allah ya yi albarka. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa, su kuma su ce, Allah sarki, kun gani ko, yabon ma ba ya so.